Koset: Abin da Na Gani a Rumfa da Abin da Na Karanto



Hajiya Shugaba, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwana mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Da aka ce ina cikin masu magana yau, sai da cikina ya ɗuri ruwa. Shekara shida da suka wuce ko sunana ban iya rubutawa ba, dangwala yatsa nake yi a littafin adashi. Yau ga ni da takarda a hannu, kuma ni na rubuta abata, 'yata ce dai ta gyara mini wasu wurare. In kun ji na yi tuntuɓe ku yi mini uzuri, har yanzu ɗaliba ce.

An ce kowa ta yi magana a kan sana'arta. To ni kun san rumfata, kayan ciki na mata nake sayarwa: rigar mama, singileti, siket na ciki da sauransu. Da bashin farko da ƙungiyar nan ta ba ni na je Kasuwar Sabon Gari na saro dozin biyu, daga nan Allah ya sa albarka. Amma a 'yan shekarun nan ba abin da yake tafiya kamar koset da bel ɗin ɗaure ciki. Na ga wasu sun fara rufe baki da mayafi suna dariya. Ku yi dariyarku, rabin masu dariyar nan na san awon ƙugunsu, kuma ba zan tona ba. Iyayenmu maza da ke can baya, ku yi haƙuri da mu, ai kuɗinku ne ake kawo mini, gara ku san abin da ake saya da shi.

Ga wadda ba ta sani ba, koset wata 'yar riga ce da take kama jiki daga ƙirji zuwa ƙugu. A cikinta akwai wasu siraran sanduna na ƙarfe ko na roba da teloli ke kira bonin, su ne suke sa ta tsaya ƙyam. A baya kuma akwai igiya da ake ja a tsuke. Wata ana sa ta ƙarƙashin kaya, wata kuma tela yake ɗinka ta a jikin rigar, irin wadda amarenmu suke sawa ranar kamu ko dina.

Bari in faɗa muku abin da ya sa na zaɓi wannan magana, don ba daɗi ne ya kawo ni kanta ba.

Bara, bayan babbar sallah, wata yarinya ta zo rumfata da ƙawarta, bikinta saura kwana goma. Uwarta tsohuwar mai sayen kayana ce. Na zagaya mata tef, ƙugunta inci 34. Na ɗauko mata bel daidai ita. Ta ce a'a Anti, na masu inci 28 take so, don ta gani a waya amare ba su da ciki ko kaɗan. Na ce 'yar nan wannan ya yi miki kaɗan. Ta ce ita dai shi take so, in ba zan ba ta ba ta yi gaba. Ranar ban yi ciniki ba tun safe. Na naɗe na ba ta, na karɓi kuɗina.

Ashe rigar da aka ɗinka mata ita ma da koset a jikinta. Ranar dina ta ɗaura nawa a ciki, aka ɗora rigar a sama, ƙawaye biyu suka ja igiya har sai da suka ga ƙarshenta. Ba ta ci komai ba tun safe, don babu inda abincin zai shiga. Ga zafi, ga fitilu, ga mutane. Ana cikin liƙi sai ta sulale ta faɗi. Da almakashi aka yanke igiyar a ɗakin baya kafin numfashinta ya dawo daidai. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ta, yanzu ma tana ɗakinta lafiya. Amma bayan kwana uku uwarta ta zo rumfata. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ke da kin haifa, ya za ki ba yarinya abin da kin san ya yi mata kaɗan?" Wallahi ban sami amsa ba.

Daren nan na kasa barci. Na ce shekara nawa ina sayar da abin nan, ban san daga ina ya fito ba, ban san me aka yi shi don shi ba. Na gaya wa malamarmu, ta ce ai amfanin karatun ke nan, je ki bincika. Sai muka riƙa zama da 'yata bayan sallar isha, tana karanto mini a waya da Turanci tana fassarawa, ni kuma ina rubutawa a littafina na aji. Abin da zan karanto muku yanzu daga littafin nan ne.

Abin ya daɗe. Tun wajen shekarun 1500 matan gidan sarauta a Italiya da Sifen da Faransa suke sa shi, daga nan ya shiga Ingila. Sarauniya Elizabeth ta farko, ba wadda muka sani ba, ta can da, ta rasu a 1603. Da za a yi jana'izarta an sassaƙa mutum-mutuminta an sa masa kaya, har da koset, kuma koset ɗin nan yana nan ajiye a cocin Westminster da ke Landan har yau. Ku duba, ɗinkin da ya haura shekara 400. Ina telolinmu? Ku ji fa.

A wancan lokacin ba tsuke ƙugu ne babban abin nema ba. So ake mace ta tsaya a miƙe, bayanta ya daidaita, ƙirjinta ya sami abin da zai riƙe shi, don a lokacin babu rigar mama. Ana zura wani dogon katako siriri a gaban rigar daga ƙirji zuwa mara don kada ta lanƙwashe. Abin da ya ba ni dariya, samari har sassaƙa katakon nan suke yi da zane-zane su kai wa budurwa a matsayin kyauta. Namu samarin turare da kati suke kawowa, nasu katako.

Sandunan ciki kuma daga jikin kifin wel ake samo su, wannan ƙaton na teku da ya fi giwa girma nesa ba kusa ba. Turawa suna ce masa ƙashi amma ba ƙashi ba ne. Wani abu ne da yake jere a bakin dabbar kamar tsintsiya, da shi take tace abincinta daga ruwa, kuma irin abin da aka yi farcenmu da ƙahon saniya ne. Amfaninsa shi ne in ya ji ɗumin jiki sai ya yi laushi ya bi siffar mai shi. Wato rigar ce take bin jikin mace. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. An kashe dabbobin nan ba adadi saboda mansu da kuma wannan abu, har wasu irinsu suka kusa ƙarewa, kafin daga baya ƙarfe ya maye gurbinsa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne wannan. Ni na ɗauka kayan matan masu kuɗi ne da ba su da aikin yi. Ashe a Ingila ta shekarun 1700 har masu wanki da masu tatsar shanu da masu talla a kasuwa irina suna sawa. Matalauta har na fata suke yi don ya daɗe. Yana riƙe musu baya in suna ɗaukar kaya, kuma tufafinsu masu nauyi ne, siket kan siket saboda sanyi, to koset ɗin ne yake raba nauyin a jiki don kada ɗaurin ya yanke ƙugu. Kuma ba sa ɗora shi a kan fata. Sai sun sa wata farar riga mai laushi a ciki, ita take shan gumi, ita ake wankewa.

To ina matsalar ta faro? Daga wani ɗan ƙaramin abu. Da, ramukan da igiya take bi da zare da allura ake ɗaure bakinsu. In kin ja da ƙarfi sai yadin ya yage, dole ki tsaya. Wato yadin da kansa yake ce miki ya isa. A shekarun 1820 aka fara sa wa ramukan bakin ƙarfe, irin na takalmin 'yan makaranta. Daga ranar nan sai a ja iya ƙarfi, ba abin da zai yage. Sai kuma keken ɗinki ya zo. Singer ɗin nan da muka gada wurin iyayenmu, a 1851 mai shi ya yi masa rajista a Amurka. Aka buɗe masana'antu, ana ɗinka koset dubbai a kan awo ɗaya, ya yi araha, kowa ta iya saya. Arahar ta yi daɗi, sai dai yanzu ba a auna mace a ɗinka mata, ita ce za ta shiga abin da ta tarar a kanti. Irin abin da nake yi a rumfata ke nan.

Zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, shi ne lokacin da yayin siririn ƙugu ya kai ƙarshe. Akwai matar sarkin Ostiriya, ita ma sunanta Elizabeth, da ta yi suna a duk Turai saboda ƙugunta da bai wuce wajen inci 20 ba, alhali ta haifi 'ya'ya huɗu. Likitoci suna ta rubutu a mujallunsu suna cewa mata su daina tsukewa haka, yana hana numfashi, yana dagula ciki. A zamaninmu ma akwai wata Ba'amurkiya, Cathie Jung, da ta shiga littafin bajinta na Guinness da ƙugu inci 15 in ta ɗaura. Na ɗauki tef na auna inci 15 na naɗe, na ga bai fi wuyan wata a nan ba.

Amma kada mu yi wa matan da ƙarya. Wata masaniyar tarihin tufafi a Amurka, Valerie Steele, ta rubuta littafi guda a kan koset a 2001. Abin da ta nuna shi ne masu tsukewa har su suma ba su ne mafi yawa ba, yawancin mata daidai misali suke ɗaurawa su tafi harkarsu. Labarin da ake yaɗawa cewa wai har haƙarƙari ake cire wa mata a wancan zamani, ta ce babu hujjarsa. Sannan hotunan da ake gani na mata kamar zanzaro, da yawa masu hoto ne suke shafe gefen ƙugun da fenti a jikin hoton kafin su wanke shi. Da 'yata ta karanto mini wannan sai da na tafa hannu. Na ce ashe gyaran hoto ba yau aka fara ba! Yarinyar nan da ta faɗi a dina, hoton da aka gyara a waya take so ta zama.

Yadda ya kau kuma, ba wa'azin likita ne ya kawar da shi ba. A 1914 wata budurwa a Amurka, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar rigar mama da ta haɗa da hankici biyu da ɗan ƙyalle. A shekarar kuma aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Maza suka tafi fagen fama, mata suka shiga masana'antu da gonaki, ga shi ana neman ƙarfe don kayan yaƙi. Mai sunkuyo tana ɗaga kaya daga safe har yamma ba ta iya zama cikin ƙarfe. Sai aka koma na roba mai talewa. A 1947 wani tela a Faris, Christian Dior, ya sake dawo da yayin siririn ƙugu. Ya lafa, ya dawo, ya lafa. Wannan zuwan na yanzu kuwa waya ce ta kawo shi. Wajen 2014 taurarin Amurka irin su Kim Kardashian suka riƙa sa hotonsu da bel a Instagram, amaren Legas suka ɗauka a ɗinkin anko, kafin mu farga ya iso Kano.

Ni kuma da na gama rubuta duk wannan, sai na tuna kakata. Allah ya jiƙanta, ita ta yi mini jegon fari. Bayan wanka sai ta ɗauko tsohon zane mai laushi ta ninka, ta naɗe mini ciki, ta soke. Kullum sai ta zura yatsunta tsakanin zanen da cikina, in ba su shiga ba ta kwance ta sake. In zan ci tuwo ta sassauta, in zan kwanta ta cire. Ba ta taɓa jin sunan Dior ba, amma ta san inda ake tsayawa. Iyayenmu da ke zaune a gaba, na ga kuna gyaɗa kai.

Yanzu amfaninsa, don kada a ce na zo ɓata kasuwata. Yana da amfani, ni kaina ina sawa. Ranar da na san zan wuni a tsaye, ko zan je sari in yi ta ɗaukar ƙunshi, in na ɗaura daidai bayana ba ya gajiya kamar da. Yana tuna wa mutum ya zauna a miƙe, masu zaman keke ku gwada ku gani. Mai cikar ƙirji, koset yana ɗauke mata nauyin daga kafaɗa, ta huta da igiyar rigar mama da take yanka fata. Kuma kaya suna zama a jiki. Leshi mai nauyi da duwatsu, in babu abin da ya riƙe shi daga ciki, sai ya yi ta zamewa. Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi: mace ta haihu biyar, shida, ta duba madubi ta ga kamar ba ita ba. Ranar da ta ɗaura ta sa atamfarta ta ga ta fito tsaf, tafiyarta ma canzawa take yi. Na sha ganin wannan a rumfata, kuma ban ga laifinsa ba. Kwalliyarta ce, a ɗakinta ko cikin 'yan uwanta mata, in za ta fita ga mayafinta ga hijabinta.

Abin da ba ya yi shi ne narkar da tumbi. Wannan ƙarya ce, kuma ni ma na taɓa faɗinta don in sayar, Allah ya yafe mini. Gumin da kike gani in kin cire ruwa ne, kina shan ruwa ya dawo. Kitsen yana nan, matsar da shi aka yi, kina kwancewa ya koma mazauninsa. In kin tsuke da yawa huhu ba ya buɗewa sosai, shi ya sa ake haki da jiri. Yana danna ciki abinci ya taso, ga ƙwannafi. A zafinmu na Maris da Afrilu, na roba a kan fata ƙuraje yake kawowa. In kuma kullum kina ciki dare da rana, naman cikin da na baya sai su saba da an riƙe su, su yi sanyi, ranar da kin cire bayan ya fi da ciwo.

Don haka tun daga abin da ya faru na kafa wa kaina doka a rumfa. Ba na sayarwa sai na auna. Ba na ba da wanda zai rage fiye da inci biyu zuwa uku. In kin gwada, sai kin zauna a kan kujerata, kin ja dogon numfashi, kin sunkuya kamar za ki yi ruku'u. In ɗaya ya gagara, ba naki ba ne. Ba na sayar wa mai ciki. Ba na sayar wa yarinyar da ba ta gama girma ba, ko da uwarta ce ta kawo ta. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, sai ta je ta tambayi likita ko ungozomar asibiti tukuna, don akwai irin nasu mai laushi da suke ba da shawara a kai, ba irin nawa mai ƙarfe ba. Kuma ina gaya wa kowa: singileti a ciki, a ci abinci, kada a kwana da shi. Na rasa masu saye saboda dokar nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wata har ta ce mini ko asibiti na buɗe.

Hajiya Shugaba, ga roƙona, shi ne ainihin abin da ya tsayar da ni a nan. Na ce ku riƙe maganar rigar da take bin jikin mace. Wanda nake sarowa daga waje yake zuwa, an yanka shi a kan jikin wasu matan da ba mu ba, yawanci roba ce zalla da ba ta san zafin Kano ba. Na jikin riga kuwa, amarenmu suna aika yadi har Abuja da Legas, kuɗin ɗinkin wani lokaci ya fi kuɗin leshin. Ko kuma su kai wa tela namiji, yarinya tana jin kunya ba za ta tsaya a auna ta yadda ya kamata ba, balle ta ce ya matse ni a nan. A ƙungiyar nan muna da mata tara masu keke, na ƙirga. Hannunsu yana da kyau, ɗinkin koset ne kawai ba a koya musu ba.

Ina roƙon a ware wani abu daga asusun bashi a ɗauko mace ƙwararriya ta koya musu na 'yan makonni, a sayi bonin da abin huda ramuka a sari, a riƙa yin shafin ciki da yadin auduga. Su auna mace a ɗaki, mace da mace, su ɗinka mata nata, ta dawo ta gwada kafin ranar biki. Na san in wannan ya kankama cinikin bel ɗina zai ragu, na yi lissafin a littafina, ban ɓoye wa kaina ba. Na yarda. Zan ba da gefen rumfata a rataye samfur, duk wadda ta zo nema in turo ta wurinsu, a ba ni ɗan ladan dillanci.

Ma'aji ta ce za a iya sa maganar a taron wata mai zuwa a kaɗa ƙuri'a. Masu keke da suke so, ku same ni bayan an ci abinci in rubuta sunayenku, da hannuna zan rubuta. Tef ɗina ma yana cikin jaka, in akwai mai son sanin awonta na gaskiya sai mu shiga daga ciki.